Cigiyar Keke a Rum, Cigiyar Shanu a Mairuwa

Akwai wani wuri a farkon fim ɗin da sai da na mayar da shi baya sau uku kafin na iya wucewa. Mace ce ta shiga ɗaki ranta a ɓace, ta yaye zannuwan gado, ta wanke, ta ƙulle su wuri guda, ta sa mijinta a gaba suka nufi gidan jingina. Zannuwan nan cikin kayan ɗakin da aka kawo ta da su suke. Aka ƙirga musu kuɗi a wata taga, suka zagaya wata tagar don su fanso keken maigidan, wanda shi ma yunwa ce ta sa aka jinginar da shi tun farko. Yana tsaye yana jiran a fito masa da keken sai ya hango wani ma'aikaci ya ɗauki ƙunshin matarsa yana hawa da shi kan wasu kantoci da suka kai har rufi, kowanne maƙare da ƙunshin zannuwa irin nata. Babu wanda ya ce uffan. Mai kallo da kansa zai gane mata nawa suka riga ta zuwa wannan taga.

Sunan fim ɗin Ladri di biciclette, wato Ɓarayin Kekuna. Vittorio De Sica ne ya ba da umarninsa, Cesare Zavattini ya jagoranci tsara labarin daga wani littafi na Luigi Bartolini, aka fara nuna shi a Italiya a ƙarshen 1948. Baƙi-da-fari ne, tsawonsa kimanin awa ɗaya da rabi. A wayar hannu na kalle shi, a ɗakin wani ɗan'uwana a Funtuwa, daren da na dawo daga jaje a Mairuwa. Wanda muka je wa jajen ba rasuwa aka yi masa ba, ba a kuma ɗauke kowa nasa ba. Shanun huɗarsa biyu aka kora cikin dare, saura 'yan makonni ruwa ya sauka. Duk wanda ya shigo zauren sai ya ce, "Allah Ya mayar da alheri, mun gode Allah da abin ya tsaya kan dukiya." Shi kuma yana amsawa da amin, ɗansa mai kimanin shekara tara yana zaune a gefe yana murza guntun igiyar da ɓarayin suka yanke.

Tun daga wannan dare nake ganin babu wani fim da ya faɗi halin da manomin kudancin Katsina yake ciki kamar wannan da aka yi a birnin Rum shekara saba'in da ɗoriya da suka wuce, cikin harshen da ba ma ji.

Labarin ba shi da wani ƙulli. Antonio Ricci magidanci ne a unguwar Val Melaina da ke bayan gari, yaƙin duniya na biyu ya ƙare ya bar su da talauci, ya daɗe ba ya da abin yi. Rana ɗaya aka kira sunansa a ofishin ɗaukar ma'aikata, aka ba shi aikin liƙa takardun talla a bangon titi, da sharaɗin sai yana da keke. Dalilin jinginar da zannuwan ke nan. Ranar farko da ya fita aiki, yana kan tsani yana shafa hoton jarumar Amurka Rita Hayworth a bango, wani saurayi ya haye keken ya yi gaba. Ya kai ƙara caji ofis, aka rubuta, aka nuna masa cewa in yana son kekensa ya je ya nema da kansa. Sauran fim ɗin duk cigiya ce, yinin Lahadi guda, shi da ɗansa Bruno suna taka birni a ƙafa.

Cigiyar nan ce ta kama ni, domin na san kowane zangonta. Da asuba suka nufi kasuwar Piazza Vittorio tare da wani abokinsa mai kwasar shara, suka tarar an baza kekuna gunduwa-gunduwa: nan tayoyi, can ƙararrawa, gaba famfo da sarƙa. Bruno ya fi ubansa sanin keken, shi yake goge shi, har inda ya lotsa ya sani, amma yaya za ka gane naka a cikin dubu bayan an warware shi an sake masa fenti? Daga nan suka wuce kasuwar Porta Portese, ruwan sama ya tare su. Duk wanda aka taɓa ɗauke wa babur a yankinmu ya yi irin wannan zagaye, daga wannan kasuwa zuwa waccan, yana leƙa lambar inji, yana tambayar bakanike da dillali. Wanda aka kore wa shanu kuma ya bi kara bayan kara yana duban ƙaho da tabon wuya, yana fatan kada a ce an riga an loda su a mota an yi kudu da su.

Akwai kuma wata mata mai duba da mutane ke cika ɗakinta. A farkon fim Antonio ya yi wa matarsa faɗa don ta kai wa matar nan kuɗi. Da duniya ta yi masa zafi, da ƙafarsa ya hau benen, ya biya, aka gaya masa maganar da ba ta ƙara shi da komai ba. Ban ga abin dariya a nan ba. Na san dattawa masu sallah a sahun farko da asara ta kai su gaban mai bugun ƙasa, suka dawo suna istigfari.

Wurin da ya fi yi mini ciwo shi ne inda ya gano ɓarawon. Ya bi shi har unguwarsu, ya riƙe masa wuyan riga, sai maƙwabta suka fito suka kewaye shi, saurayin ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, uwarsa tana ihu. Bruno ya ruga ya kira ɗan sanda. Aka shiga ɗakin da saurayin ke kwana aka bincika, ba keke, ba komai sai talaucin da ya fi na Antonio. Ɗan sandan ya tambaye shi ko yana da shaida. Ba shi da ita, unguwar kuwa gaba ɗaya a shirye take ta rantse cewa yaron bai fita ko'ina ba. A garuruwanmu ma sau da yawa an san wanda ya nuna gidan da shanu suke, an san mai kai burodi da fetur daji, an san infoma da sunansa da na ubansa. Amma wa zai tsaya ya ba da shaida, alhali da dare shi kaɗai zai kwana da iyalinsa?

Ƙarshen fim ɗin sananne ne, ba asiri na tona ba. Yamma ta yi, suna zaune a gefen titi kusa da filin ƙwallo, kekunan 'yan kallo jere ba iyaka. Antonio ya hango wani keke jingine a ƙofar wani gida babu kowa kusa. Ya yi ta kai-komo, ya ba Bruno kuɗin mota ya ce ya tafi ya jira shi. Yaron bai samu motar ba. Don haka da idonsa ya ga ubansa a kan keken wani, jama'a na bin sa da ihun ɓarawo, suka jawo shi ƙasa suna mari. Mai keken ya dubi yaron yana kuka riƙe da hular ubansa, ya ce a sake shi. Suka shiga cikin taron mutane suna tafiya, uban yana hawaye, yaron ya miƙa hannu ya kama nasa.

Da aka kai fim ɗin Amurka sai aka mayar da sunansa tilo, ɓarawon keke. A harshen Italiya kuwa jam'i ne, ɓarayi, kuma da gangan aka yi haka. Ɓarayi biyu ne a fim ɗin, na biyun shi ne mutumin da muka yini muna tausaya wa.

A nan nake so mai karatu ya tsaya tare da ni, don kada a ɗauki maganata inda ban kai ta ba. Ban ce ɗan bindigar da ya ƙone rumbu, ya harbe manomi a gonarsa, ya ci zarafin mata, shi ma Antonio ne ba. Wannan ta'addanci ne, hukuncinsa daban. Fim ɗin kansa bai wanke sata ba, kunyar da ke fuskar mutumin nan ta fi duk wani ɗauri da alƙali zai yi masa. Abin da nake cewa shi ne, tsakanin mutumin kirki da mutumin da ya miƙa hannu ga abin wani akwai wata hanya, kuma galibi farkonta ranar da aka raba shi da abin neman abincinsa ne, aka kuma nuna masa cewa asararsa ba ta kai a rubuta ba. Mu kuwa shekara goma ke nan da wani abu muna tura dubban magidanta kan wannan hanya, ba mu ma ƙirga su ba.

Muna ƙirga gawa, muna ƙirga waɗanda aka ɗauke, kuma dole ne mu ƙirga. Daren 11 ga Disamba 2020 da aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, duniya duka ta ji, kuma da aka sako yara 344 bayan kwana shida kowa ya ga hotonsu. Amma a wane littafi aka rubuta shanun huɗar da aka kora daga Mairuwa da Sheme da Yankara da Daudawa da ƙauyukan Sabuwa? Wanda bai taɓa riƙe garma ba zai ɗauka dabbobi biyu ne kawai. Shanun nan su ne ke yi wa mai su huɗa a kan lokaci, kafin ƙasa ta bushe. In ya gama tasa ya yi wa maƙwabta ƙwadago, kuɗin nan ne na taki da na cefane a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Da rani su ja amalanke su kai takin gida gona, da kaka su kwaso masara da dawa. In sun tsufa ya kiwata su ya sayar, ya sayi ƙanana, rarar ta aurar da 'ya. Ranar da aka kore su, gonar da yake nomawa da garma ta koma abin da hannu da fartanya za su iya, sauran ya ba da haya ko ya jinginar. Maƙwabcin da ke jiran ya zo ya yi masa huɗa shi ma ya shiga uku. Ƙasar Funtuwa da Faskari da ake kirari da masararta da audugarta, a wuyan shanun nan take tafiya.

Haka babur. Ɗan acaɓa da babur ɗinsa yake ci da mutum takwas ko goma, shi ne motar asibitin ƙauye in naƙuda ta zo da gardama. Kuma kowa ya sani, 'yan bindiga kan haɗa da sabon babur a cikin abin da suke nema na fansa, dangi su sayar da gona su saya su kai musu da hannunsu. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta fitar da dokar taƙaita zirga-zirga: aka rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, aka hana sayar da fetur a jarka, aka hana cinikin tsofaffin babura a kasuwar Charanchi. A Satumba aka katse sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 13. Na fahimci dalilin, so ake a toshe wa na daji hanyar abinci da mai. Sai dai wanda ya fara jin nauyin dokar shi ne mutumin da dama an riga an cuta: ba ya iya sayar da akuya ya biya bukata, ba ya iya samun man da zai yi acaɓa ko ya tayar da injin ban-ruwa a bakin dam ɗin Mairuwa, ba ya iya kiran ɗan'uwansa a Kaduna ya turo masa wani abu.

In an kawo ɗauki bayan hari, shinkafa ce da tabarma da bargo. Allah Ya saka wa masu kawowa. Amma shinkafa tana ƙarewa cikin sati biyu, garma kuwa tana nan jingine a bango babu abin ja. Ba sabon abu nake roƙo ba. Tun zamanin En'e ake ba manoman Arewa bashin shanu da garma su biya a hankali, kuma shirin bunƙasa noma na Funtuwa da aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya, tare da na Gusau da na Gombe, a wannan ƙasa tamu aka gwada shi. Gwamnatin da ta iya ɗaukar matasa ta kafa rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023 za ta iya sa kowane dagaci da mai unguwa ya rubuta wanda aka raba da shanun huɗa ko babur ko injin ban-ruwa, a tantance, a mayar masa da abin sana'a ko da bashi ne. A ganina wannan ma aikin tsaro ne, ba sadaka ba ce.

Sai kuma 'yan fim ɗinmu, waɗanda nake ƙauna kuma nake kallon aikinsu. Daga Turmin Danya a 1990 zuwa yau an yi finafinan Hausa ba adadi, kuma ban raina soyayya da waƙa ba, mai gajiya yana bukatar abin da zai sanyaya masa rai. In an taɓo matsalar tsaro kuwa, yawanci sai a nuno mutane da rawani da bindigar roba suna zare ido a daji, jarumi ya zo ya gama da su. Manomin da aka cuta ba ya wuce minti biyu a allo, yana kuka, a wuce shi. Ana cewa babu kuɗi, babu kayan aiki. De Sica ma a cikin babu ya yi nasa. Babbar masana'antar fim ta Cinecittà a lokacin ta zama sansanin 'yan gudun hijira, shi kuma ya fito titi ya ɗauki Rum yadda take. Wani babban furodusa na Amurka, David O. Selznick, ya yi tayin zuba kuɗi in za a ba Cary Grant matsayin Antonio, De Sica ya ƙi. Ya ɗauko Lamberto Maggiorani, lebura a masana'antar Breda wanda bai taɓa yin fim ba, saboda tafiyarsa da hannuwansa na mai aikin ƙarfi ne. Yaron, Enzo Staiola, a titi ya gan shi cikin masu kallon ɗaukar fim. Da waɗannan mutane fim ɗin ya samu lambar girmamawa ta Oscar a 1950, kuma a 1952 masu sharhin da mujallar Sight and Sound ta tambaya suka zaɓe shi fim mafi girma da aka taɓa yi.

Mu da muka tashi da finafinan Indiya ya kamata mu san cewa Indiyawan ma sun sha daga wannan rijiya. Satyajit Ray ya kalli fim ɗin a Landan a 1950, ya koma gida ya yi Pather Panchali. Bimal Roy ya yi Do Bigha Zamin a 1953, labarin manomin da ya tafi birni jan keken ɗaukar mutane don ya fanshi 'yar gonarsa. A nan Afirka ta Yamma, Ousmane Sembène na Senegal ya yi Borom Sarret a 1963, ɗan gajeren fim a kan mai amalanken doki a Dakar da aka ƙwace masa amalanken ya koma gida hannu rabbana. Kowannensu ya dubi abin neman abincin talakan ƙasarsa ya ga labari a ciki. Namu shanun huɗa ne da babur da kurar ruwa, suna nan suna jira.

Na san abin da za a ce: tona asiri ne, ana nuna wa duniya tsiraicinmu. An faɗa wa De Sica haka. Giulio Andreotti, wanda harkar fim ke ƙarƙashin ofishinsa a lokacin kuma daga baya ya zama firaminista, ya fito fili a 1952 ya soki wani fim ɗinsa, Umberto D., cewa ya ɓata wa Italiya suna a idon duniya. Yau da waɗannan finafinan ake tunawa da mutuncin talakan Italiya na wancan zamani. Asirinmu kuwa ya daɗe da tonuwa, kullum sunan Faskari da Sabuwa na cikin labarai tare da adadin matattu. Abin da duniya ba ta gani ba, har mutanen Kano da Abuja ba su gani ba, shi ne fuskar mai shanun, da yadda yake gaisawa da mutane cikin fara'a a masallaci alhali bai bar ko kwano ɗaya a gida ba.

Wani abu game da Maggiorani ya daɗe yana damuna. Bayan fim ɗin ya koma masana'antarsu, ba a jima ba aka rage ma'aikata, aka haɗa da shi. Mutumin da duniya ta yi wa kuka a allo ya koma neman aiki da gaske. Don haka duk wanda zai zo Mairuwa da kyamara, ya zo da amana: ya biya mutane haƙƙinsu, ya nemi izinin masu gari, kada ya nuna fuskar da za ta jawo wa mai ita bala'i da dare.

Da ni ne mai ɗaukar fim ɗin, ba zan nuno bindiga ko ɗaya ba. Zan fara da asuba, mace ta fito da ruwan alwala ta tarar da turke babu komai. Zan nuna ta tana ciro tasoshinta daga kabad tana ba dillaliya. Sai ranar kasuwar Sheme, uba da ɗa sun shiga kara, yaron na gaba domin shi ke ba su dusa, shi ya san wanda ke da tsagar kunne, shi ya raɗa musu suna. Su zagaya har la'asar, dillalai na cewa Allah Ya bayyana. A hanyar dawowa hadari ya haɗu a gabas, ƙamshin ruwan farko ya taso, gonakin mutane duk an kai taki. Su iso wata gona a gefen hanya, ga bijimai biyu ɗaure a gindin ɗorawa, mai su ya tafi sallah. Uban ya rage tafiya. Ya ce wa yaron, "Yi gaba, ka ce wa innarka ina nan tafe." Yaron ya yi taku kaɗan, ya tsaya, ya juyo, guntun igiyar nan tana hannunsa.